Littafin Yara Mai Tambarin Gasa: Shawarwari 12 ga Iyaye Kafin a Zare Kuɗi

Shekaru kaɗan da suka wuce na tsuguna gaban wani mai littattafan gwanjo ina tona, sai ya miƙo min wani yana cewa, "Malam, ɗauki wannan, dubi har da kwabon zinare a bangonsa." Na biya ba ciniki, na kai wa 'yata mai shekara tara. Kwana biyu na ga littafin a ƙarƙashin tabarma. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Baba, ni ban san ma abin da suke faɗa ba." Da na zauna na karanta da kaina, na gode wa Allah da ba ta gane ba, don littafin na 'yan shekara goma sha shida ne, kuma maganar da ke ciki ba ta kunnenta ba ce. Tambarin na gaske ne, littafin kuma mai kyau ne. Ni ne ban san karatun tambari ba.

A gidajenmu kuɗin littafin labari shi ne na ƙarshe, bayan hatsi, kuɗin makaranta, magani da kayan Sallah. Wanda zai sayi littafi uku kacal a shekara ba shi da halin yin kuskure a biyu. Nan ne jerin littattafan da suka shiga gasa yake da rana: wasu mutane da karatu ne sana'arsu sun tankaɗe ɗaruruwa sun fitar da 'yan kaɗan, sun rage maka wahala. Sai dai rariyarsu ba taka ba ce, kuma ba su san ɗanka ba. Ga abin da na koya, wani da kuɗina, wani daga bakin malamai.

1. Fara sanin wace gasa ce ta buga tambarin. Yawancin littattafan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu daga Amurka da Ingila suke, don haka sunaye huɗu ne za ka fi cin karo da su. Newbery ta ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ce, tun 1922 ake ba da ita, rubutu take dubawa, kuma tana ɗaukar littattafan yara har zuwa shekara 14. Caldecott, wadda aka fara a 1938, ta zane ce, saboda haka littafin da ke ɗauke da ita galibi na ƙananan yara ne, hoto da yawa, rubutu kaɗan. Printz ta zo a 2000, ta matasa ce 'yan 12 zuwa 18, kuma ita ce ta yi min tarko a wancan karon. Carnegie kuwa ta Ingila ce, tun 1936. A na Amurka ukun, tambari mai ruwan zinare na wanda ya zo na ɗaya ne, mai ruwan azurfa na waɗanda suka biyo baya aka yaba musu.

Akwai kuma lambobin da marubuci ake ba wa saboda ayyukansa gaba ɗaya, irin su Hans Christian Andersen da ake bayarwa duk shekara biyu tun 1956. Ganin irin wannan a bango yana shaida maka cewa marubucin gwani ne, amma bai ce komai game da wannan littafin da ke hannunka ba. Sannan ka yi hattara da tauraro ko da'irar da kamfani ya zana wa kansa don ado, da gasannin da kuɗi ake biya a karɓi tambari. Minti biyu ya isa: rubuta sunan gasar da na littafin a wayarka kafin ka biya.

2. Kada ka tsaya kan wanda ya ci. Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe. Zaɓen na ɗaya daga cikin uku ko biyar na ƙarshe sau da yawa ra'ayin mutum kaɗan ne a ɗaki guda, a shekara guda. A 1953 alƙalan Newbery sun ba wa Secret of the Andes na Ann Nolan Clark lambar zinare, suka bar Charlotte's Web na E. B. White da ta azurfa. Yau da wuya ka sami wanda ya karanta na farkon, na biyun kuwa an buga miliyoyi, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an yi fim da shi. (Jarumin labarin ɗan alade ne da wata gizo-gizo ta tserar daga yanka. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka kai gida a yi maka kallon mamaki.)

Amfanin duba jerin duka shi ne yana ba ka zaɓi. Wanda ya ci guda ne, watakila na 'yan mata ne kai kuwa samari gare ka, watakila na baƙin ciki ne yaronka kuwa dariya yake nema. Cikin waɗanda suka tsallake zagayen farko da wuya ka rasa wanda ya dace da ɗaya daga cikin yaranka. Kuma sau da yawa sun fi araha, tunda ba a kansu idon kowa yake ba.

3. Duba na gida tukuna. Babbar gasar adabi ta Nijeriya, wadda kamfanin iskar gas na NLNG yake ɗaukar nauyi tun 2004, tana zagayawa ne tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara, kuma tun 2011 kyautarta dala 100,000 ce. Akan fitar da jerin goma sha ɗaya, sannan a tace zuwa uku. A zagayen adabin yara na 2007 Mabel Segun da Akachi Adimora-Ezeigbo ne suka raba ta. A 2011 Adeleke Adeyemi, wanda ke rubutu da sunan Mai Nasara, ya ci da The Missing Clock, ya tsere wa Eno's Story na Ayodele Olofintuade da The Great Fall na Chinyere Obi-Obasi. A 2015 alƙalai suka duba littattafai 109 suka ce babu wanda ya kai, ba a ba kowa ba. An yi ta surutu a lokacin, amma ni abin ya ƙara min yarda da su, don mai iya cewa "babu" shi ne "akwai" ɗinsa ke da daraja.

Biyu na baya-bayan nan su ne nake ganin kowane gida a Arewa zai ga kansa a ciki. Boom Boom na Jude Idada, wanda ya ci a 2019, labarin yaro ne ɗan shekara takwas da sikila ta kashe mahaifiyarsa, ga ƙanwarsa ita ma tana ɗauke da ciwon. Wace unguwa ce babu gidan da ake kwana zaune saboda amosanin jini? Yaron da ya karanta shi zai fahimci dalilin da ya sa abokinsa ke yawan fashin makaranta, kuma maganar gwajin jini kafin aure ba za ta zo masa baƙuwa ba idan ya girma. Na biyun shi ne The Road Does Not End na Olubunmi Familoni, wanda ya ci a 2024 (annobar korona ce ta ture zagayen da shekara guda), yana magana kan bautar da yara da aikin ƙarfi, abin da muke gani kullum a kan titi da faranti a ka. Abokan takararsa na ƙarshe su ne A Father's Pride na Ndidi Chiazor-Enenmor da Wish Maker na Uchechukwu Peter Umezurike. Na 2019 kuwa Mystery at Ebenezer Lodge na Dunni Olatunde da The Great Walls of Benin na O. T. Begho. Rubuta sunayen nan a bayan wani littafi, za su yi maka amfani a gaba.

4. Kada ka manta cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko a gasa aka haife shi. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labarai, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Don 'yan makaranta aka nemi littattafan tun asali, kuma har yau ba su tsufa ba. Yaro ɗan shekara goma da ya iya haɗa baƙi zai yi dariya har da hawaye kan yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna ramuwar gayya. Shehu Umar ya fi nauyi, don akwai bauta a ciki da uwa mai bin sawun ɗanta har cikin hamada, sai a bar wa ɗan sakandare. Magana Jari Ce ba a gasa aka rubuta shi ba, amma gasar ce ta fito da Imam har aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta juzu'i ukun nan da akunsu.

Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya sake shirya gasa a 1978, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ta gwamnatin tarayya ta farkon shekarun 1980 ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Waɗannan na manyan matasa ne, musamman Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da jini ya yi yawa a cikinsa. Haka labaran Hikayata, gasar mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016: rubutu ne mai kyau, amma damuwar manya ce, fyaɗe, saki, gudun hijira. Uwa ta karanta tukuna kafin ta miƙa wa budurwar 'yarta.

Abin da ke ci min rai shi ne gasar NLNG da Turanci ake shiga, saboda haka komai kyawun littafin yara na Hausa ba zai taɓa hawa jerinta ba. Attajiran da ke kashe miliyoyi a bikin aure guda, da ɗayansu zai ware rabin haka duk shekara ga wanda ya fi iya rubuta wa yara da Hausa, da cikin shekara biyar mun ga bambanci a kantunan littattafai.

5. Karanta kafin ka miƙa. Alƙalan gasa gwanintar rubutu suke aunawa, ba tarbiyyar gidanka ba, kuma ba su ɓoye hakan ba. Junk na Melvin Burgess, wanda ya ci Carnegie ta 1996, labarin matasa ne da suka faɗa shan miyagun ƙwayoyi, kuma bai sakaya komai ba. The Bunker Diary na Kevin Brooks, na 2014, ko a Ingila sai da aka yi ta muhawara a jaridu kan baƙin da ke cikinsa. All My Rage na Sabaa Tahir ya ci Printz a 2023, yaran cikinsa Musulmi ne 'yan asalin Pakistan, amma akwai giya, ƙwaya da duka a cikin gida. Sunan Musulmi a bango bai sa littafi ya zama na ɗan firamare ba. Haka nan na ga wanda ya saya wa 'yarsa ta ƙaramar sakandare Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim don ya ji ɗan Arewa ne ya ci NLNG da shi a 2016. Ya ci, kuma ya cancanta, amma a rukunin manya.

Ba lallai ka karanta duka ba. Babi na farko, shafi goma daga tsakiya, da babi na ƙarshe sun isa su nuna maka inda aka dosa. Idan Turancin ya fi ƙarfinka, ba wa yayan yaran ko ƙanwarka ko malamar makarantarsu da ka yarda da ita, ka tambaye ta kai tsaye: akwai abin da zan ji kunya idan yaro ya tambaye ni ma'anarsa?

Ba kuma cewa nake duk littafi mai nauyi a jefar ba. Buried Beneath the Baobab Tree na Adaobi Tricia Nwaubani, wanda ta gina kan hirarraki da 'yan matan da Boko Haram ta sace, littafi ne da ya kamata 'yar shekara goma sha biyar ta karanta, amma da babba a kusa wanda za ta iya tambaya. Idan kuwa yarinyar da kanta ta gudo daga irin wannan bala'i, ko an taɓa sace wani nata, bari sai ita ta nema.

6. Shekarun da aka rubuta a bayan littafi na yaron da aka haifa cikin Turanci ne. Naka da Hausa ya tashi, Turancin a aji yake tsintarsa. Saboda haka ka sauko da shekara biyu ko uku, babu abin kunya a ciki. Malaman firamare suna da wata dabara: buɗe shafi ɗaya daga tsakiya, yaro ya karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa tsauri a bana, a ajiye sai baɗi. In ko ɗaya bai lanƙwashe ba, ya yi sauƙi, amma a bar shi ya karanta abinsa, sauƙi ba ya kashe sha'awa, wahala ce ke kashe ta.

7. Kada ka raina mai hotuna. Iyaye da yawa suna auna littafi da kauri, kamar ana sayen katifa. Baby Goes to Market na Atinuke, wanda ya sami lambar Children's Africana a 2018, 'yan shafuka ne: jariri goye a bayan uwarsa a kasuwa, masu kaya suna ba shi ayaba da lemo da sauransu, yana cin ɗaya yana jefa saura a kwandon da ke kanta ba ta sani ba. Ɗan shekara uku zai koyi ƙidaya da shi, kuma zai sa ka karanta masa har ka haddace.

Ga manya kuma akwai labaran zane masu kama da na barkwanci amma ba wasa a cikinsu. A 2020 New Kid na Jerry Craft ya zama irinsu na farko da ya ci Newbery. Wanda na fi so shi ne When Stars Are Scattered na Victoria Jamieson da Omar Mohamed, da ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka a shekarar. Tarihin Omar ne kansa, ɗan Somaliya da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya, yana rainon ƙaninsa Hassan wanda ba ya magana, yana rabe tsakanin zuwa makaranta da barin ƙanin shi kaɗai. Akwai salla a ciki, akwai azumi, akwai layin ruwa da layin abinci. Yaron da ya tsani karatu, wanda aka yi ta fama da shi, gwada masa wannan.

8. Haɗa na kusa da na nesa. Yaro yana bukatar ya ga irinsa a littafi, yana kuma bukatar ya leƙa gidan wasu. The Other Side of Truth na Beverley Naidoo, wanda ya ci Carnegie ta 2000, ya haɗa biyun: Sade da ƙaninta Femi, 'ya'yan wani ɗan jarida a Legas zamanin Abacha, an harbe mahaifiyarsu, aka fitar da su a ɓoye zuwa Landan inda aka yasar da su. Yaran da ke ɗauka Turai aljanna ce su karanta shi. A Long Walk to Water na Linda Sue Park yana da yarinya a Sudan ta Kudu da ke yini tana ɗebo ruwa, abin da 'yar ƙauye ba sai an yi mata bayani ba. Other Words for Home na Jasmine Warga, mai azurfar Newbery ta 2020, yarinya ce 'yar Siriya da ta fara sa mayafi a Amurka.

Sai na tsafi da iskoki. Nnedi Okorafor ta tara lambobi da irin waɗannan, tun daga Zahrah the Windseeker da ya ci kyautar Wole Soyinka a 2008. Littafinta Akata Witch, wanda kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga da sunan What Sunny Saw in the Flames, jarumarsa yarinya ce zabiya mai baiwar sihiri. Wasu gidaje ba sa son irin wannan ya shigo musu, kuma haƙƙinsu ne. Ni dai nakan tuna cewa da Dodo da Gizo da aljanun Ruwan Bagaja aka raine mu, kuma ba mu taɓa rikita su da tauhidi ba. Ka yanke hukunci da kanka, amma bayan ka karanta, ba don wani ya turo saƙo a WhatsApp ba.

9. Wanda yaransa ke karatun Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ya nemi sunan Prix Sorcières, wadda masu kantin littattafai da ma'aikatan laburare na Faransa suke bayarwa, da Prix des Incorruptibles, wadda yaran makaranta ne da kansu ke jefa ƙuri'a. Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa ta ci lamba a bikin zane na Angoulême a 2006 da Aya de Yopougon, amma wannan na manyan 'yan mata ne. Na yara shi ne Akissi, wata fitinanniyar yarinya a Abijan. 'Yan Islamiyya kuma, da suke iya nahawu amma ba su taɓa karanta labari don daɗi da Larabci ba, a nema musu jerin gasar adabin yara da aka fara a Sharja a 2009 da sunan Etisalat, a ba mai zuwa Umara saƙo.

10. Yi adashe. Sabon littafi daga waje yakan kai kuɗin cefanen kwanaki, kuma yaro a mako guda zai cinye shi. Gidaje biyar su haɗu, kowane ya sayi biyu daban, a rubuta sunan gida a cikin bango, a riƙa musaya duk Juma'a biyu. Kowane yaro ya karanta goma da kuɗin biyu. A samu uwa ɗaya mai tsare gida ta riƙe littafin rajista, in ba haka ba wata uku babu ko ɗaya. Mu namu adashen sau biyu yana rushewa kafin mu gane haka.

Sauran hanyoyin sauƙi: jira shekara guda bayan gasa, mai bango mai laushi zai fito da rahusa. Ka riƙa leƙa masu gwanjo da jerin sunayenka a aljihu. Ka yi wa yaro rajista a laburaren jiha, kamar na Murtala Muhammed a Kano. A waya kuwa African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara kyauta, har da na Hausa, ana iya sauke su a karanta ba tare da data ba, ko a buga a takarda. Na jabu dai ka guje shi: tawada a dushe, shafuka a tsallake, kuma marubucin da ya kwana yana rubutu ko sisi ba ya samu.

In littafin ya shigo gida, a naɗe bangonsa da leda ko takardar kalanda, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da damshin damina. Amma kada a kulle a kabad don gudun lalacewa. Littafin yara da ya shekara tsaf kamar sabo, ba a karanta shi ba ne.

11. Karanta musu da baki, kuma kada ka mai da shi jarrabawa. Bayan sallar isha, minti goma sha biyar, ko da hasken fitila mai caji. In na Turanci ne, karanta sakin layi ka juya shi da Hausa yadda bakinka ya iya, har kakar yaran da ba ta yi boko ba ta shigo ciki. Tamu takan tsayar da ni ta ce, "Kai, wannan yaron ba shi da dangin uba ne?" sai muhawara ta ɓarke, yara suna kare jarumin, ita tana kafewa a kan nata. Ka tsaya a inda labari ya ɗau zafi, ka rufe. Gobe su za su neme ka, wataran ma ka tarar an sace littafin an ƙarasa a ɓoye, wanda shi ne abin da kake nema tun farko.

Abin da ke kashe wannan shi ne "faɗa min darasi uku da ka koya." Yaro ya yini a boko, ya wuce Islamiyya, ga lesin, ga hadda. In labarin dare ma ya koma aikin gida, ya tsane shi ke nan. Tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a labarin, za ka ji darasin da kansa ya fito. In kuma ya kai shafi talatin ya ce ba ya so, karɓi abinka, ko da tambarin zinare uku ne a bangon.

12. Ku shirya taku gasar a gida. Masu Carnegie suna da tsarin da ƙungiyoyin yara a makarantu suke karanta littattafan zagayen ƙarshe a lokaci ɗaya da alƙalai, su zaɓi nasu gwanin, kuma ba kullum zaɓin yaran yake dacewa da na manyan ba. A dogon hutu ku zaɓi littafi uku, ɗaya na Hausa, ɗaya na Nijeriya da Turanci, ɗaya na waje. Yaran gida da na maƙwabta su karanta, ranar ƙarshe a dafa shayi, kowa ya tashi ya kare nasa, a jefa ƙuri'a da ƙwallon dabino a kwano uku. Babba ba ya jefawa. A gidanmu shekara biyu a jere Abubakar Imam yana kayar da masu zinare, kuma daga sakamakon nake sanin irin littafin da zan nema a gaba.

In ka je kanti ba ka sami wanda kake nema ba, kada ka juya kawai. Mai kanti abin da ake tambaya yake sarowa, shi ya sa shagonsa ya cika da littattafan jarrabawa. Rubuta masa sunan littafin da na marubucin a takarda, ka gaya wa sauran 'yan adashenku su ma su je su tambaya, sannan ka koma bayan mako biyu.